Akushin Ciyayya

A ƙofar gidanmu akwai wata tsohuwar tsamiya, a gindinta mazan unguwarmu suke ciyayya. Da an sallame sallar magariba kowane magidanci zai shiga gida ya fito da kwanonsa, a shimfiɗa tabarmi, a jera kwanukan a tsakiya, a riƙa buɗewa ɗaya bayan ɗaya, hannun kowa ya shiga na kowa. Haka muka taso muka tarar. Wanda matarsa ta haihu ko ta tafi ganin gida ba ya kwana da yunwa, haka ma baƙon da rana ta faɗi masa a hanya. Mu mata ba ma zuwa wurin. Amma tsakanin murhuna da gindin tsamiyar nan dangar kara ce kawai, ni kuwa Allah bai ba ni yawo ba, sai ya ba ni kunne. Ina zaune ina kankare tukunya zan gaya muku wanda ya yi babbar loma, da wanda miya ta ƙona wa harshe, da wanda ya ce madalla alhali ba ta kai zuci ba.

Maigidana Malam, Allah ya jiƙansa, dogo ne, kyakkyawa, kuma manomi na gasken gaske. Bai taɓa ɗaga mini hannu ba, bai taɓa zagin iyayena ba. Abu ɗaya ne da shi: yabo ne abincinsa. In ya sayi sabuwar hula sai ya sami dalilin wucewa ta ƙofar masallaci ya dawo ya sake wucewa. In yaro ya yi zazzaɓi ya warke, labarin da za a ji a gari shi ne yadda Malam ya saɓa shi a kafaɗa cikin rana tsaka, shi mai zazzaɓin har a manta da shi. In ana hirar gonar wani, ba za a kai ƙarshen kunya ba sai an tsinci kai a gonarsa. Ni da na zauna da shi na saba, kamar yadda ake sabawa da ƙofar da ke ƙara.

Yana da wani baƙin akushi babba da ya gada wajen mahaifinsa, da faifai mai zanen ja da kore wanda ba a rufe komai da shi sai akushin nan. Ba ya yarda kowa ya ɗaukar masa. Shi zai ɗauka da hannunsa, kuma sai ya tabbatar kowa ya zauna sannan ya fita, don idanu su raka shi har tabarma. Tuwonsa fari tas, malmala a mulmule kamar ƙwai, miya da man shanu yana yawo a kai. In aka buɗe sai na ji an ce, “Kai! Gidan Malam ba dama.” Daga nan na san yau za a kwana lafiya.

Dawowarsa ma ina gane ta tun daga zaure. Ranar da aka yaba akushi, takalminsa har tafi yake yi, ya yi gyaran murya mai tsawo kamar ladan zai kira salla, ya shigo yana tsokanar yara. Ranar da aka yaba miyar wani gida fiye da tamu kuwa, babu gyaran murya. Sai dai in ji “hik” daga zaure. Shaƙuwa ke nan ta kama shi. Ya shigo goshinsa na naso ko da lokacin sanyi ne, wata jijiya a gefen kansa tana harbawa ana gani. In na miƙa masa ruwa yatsunmu suka haɗu, sai in ji tafinsa sanyi ƙalau kamar cikin kwaɗo. Ya nemi kanwa ya jiƙa ya sha, wai ƙwannafi.

“Malam, wani abu aka ce ne?”

“Wa? Ni? Su waye su da za su ce mini wani abu? Hik. Ko a jikina.”

Ni dai sai in ce Allah ya sawwaƙe, in ɗauke kwanon kanwar.

To sai shekarun nan masu wuya suka zo. Damina ta farko ruwa ya ɗauke gero yana da ciki, geron ya tsaya ya bushe a tsaye. Muka ce ta baɗi. Baɗin ta zo ta fi ta bara muni, gyaɗa ma da muke jingina da ita ta kanannaɗe ta ƙi 'ya'ya. Garinmu ba mu da daji, gona ce ke jingine da gona tun daga bayan danga har inda ido ya tsaya, saboda haka babu inda mutum zai shiga ya tono wani abu ya rufa wa kansa asiri. Samari suka watse cin rani, wasu Birni, wasu suka tsaya a unguwar Bacirawa ta bakin Birnin suna buga bulo da dakon ƙasa. Aka bar tsofaffi da mata da magidantan da nauyi ya hana su motsi. Dusar da muke zuba wa awaki ta koma tukunya. Tafasa da yaɗiya da muke tsallakewa a bakin hanya suka zama abin nema da sassafe kafin wata ta riga ki.

A gindin tsamiya ma na ji shekarun sun iso. Tuwon ƙwarai yana da ƙararsa in ana ci, akwai tanɗar baki, akwai suɗar yatsa, hira tana gudu a kai. Tuwon dusa kuwa shiru ake cin sa, sai ƙoƙarin haɗiya. Kwanuka suka ƙanƙance, ina jin yadda suke sauka a tabarma ba nauyi. Sannan muryoyi suka fara ɓacewa. Yau a ce wane ciwon kai yake yi, gobe a ce wane ya riga ya ci a ciki. Ƙarya ce, kowa ya sani. Kunya ce ta hana su buɗe abin da matansu suka dafa a gefen baƙin akushin gidanmu.

Don akushin nan bai san an yi fari ba. Malam ya kafa doka: ɗan hatsin da ya rage a rumbu na ciyayya ne. Kullum in surfa, in wanke, in niƙa, in tankaɗe, in tuƙa fari tas in zuba a akushi. Dusar da ta fita daga surfen, da ɗan tsakin da ya saura a rariya, su nake haɗawa da garin rogo in tuƙa mana ni da yara. Ba zan yi masa ƙarya ba, yakan ce in ɗibar wa ƙaramar 'yarmu malmala guda. Amma manyan sai dai ƙanshi. Akuyata ta tafi kasuwa, tunkiyarsa ta bi ta, duk don kada man shanu ya yanke a kan miyar da ba mu za mu sha ba. In na buɗe baki sai ya ce, “Ke ba ki san mutane ba. Ranar da suka ga gidan nan ya durƙusa, ranar za su taka mu.”

Abin da ya fi ba ni tausayi, shi kansa ba ci yake yi ba. Na san ƙarar taunarsa a cikin ta mutum goma, kuma ba na jin ta. Zama yake yi yana kallon bakin mutane, yana jiran abin da zai fito bayan loma ta shiga. Mai jin yunwa kuwa ba ya iya yabo mai daɗi. Za su ci, don yunwa ba ta san fushi ba, amma godiyar tasu a takure take fita, kamar ta wanda aka ba sadaka a gaban surukinsa. Malam yana zuba hatsinmu, abin da yake saye da shi kuma ya daina samuwa. Sai shaƙuwar ta zama ta kullum. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya shiga zagayawa bayan gida ba ƙaƙƙautawa, barcinsa ya koma na zomo, in ya samu ma haƙoransa ne ke ta gurzar juna kamar ana niƙa a dutse. Da safe ya wanke fuska, ya karkata hula, ya fita yana gaisawa da mutane da murya kamar ta mai rumbu bakwai.

Akwai mutum ɗaya da ba ya raga masa, wato taubashinsa, ɗan kawunsa, wani gajere mai bakin tsiya da zuciya fara. Tun suna yara ba ya kiran Malam da komai sai “bawana”. Wata magariba na ji ya ce, “Bawana, wai ni kam akushin nan cin ka yake yi ne? Kullum shi yana ƙiba kai kana ramewa.”

Aka yi 'yar dariya. Malam ya fi kowa dariya, har da buga cinya. Ranar shaƙuwar da ya shigo da ita sai da ta kai shi washegari da hantsi.

Yanzu bari in gaya muku maganar tulu. Surukata, mahaifiyar Malam, wadda duk muke kira Inna, tana da wani irin gero da ta zo da shi daga gidan ubanta. Gajere ne, zangarniyarsa ba ta da wani kyan gani, amma yana da saurin nuna, ko ruwa ya yi rowa yakan kai. Malam ya raina shi, ya fi son dogon gero mai cika ido daga bakin hanya, saboda haka a 'yar kusurwar gona kawai ake shuka na Inna. A shekarun farin nan kusurwar ce kaɗai ta ba da wani abu. Kafin Inna ta rasu ta koya mini yadda take yi: a zaɓi zangarku masu cikar ido, a sussuke da hannu, a cuɗa da toka saboda ƙwari, a zuba a tulu a liƙe bakin da laka. Ta ce da ni, “'Yar nan, abinci na ciki ne, iri na ƙasa ne. Ko za ki ci ƙasa, kada ki ci iri.” Tulun yana ƙarƙashin gadona. A lokacin gidaje da yawa sun riga sun cinye nasu, wanda ake kawowa kasuwa kuma ba a san daga wace ƙasa ya fito ba, wasu sun shuka bara ya yi ta tsawo har ruwa ya ɗauke bai fitar da kai ba.

Bazara ta kai maƙura, zafi kamar a cikin tanderu, gabas ta fara haɗa ɗan baƙi da yamma tana watsewa. A lokacin rumbunmu ya ƙare ƙarƙaf. Na share ƙasansa da tsintsiya na tuƙa na ƙarshe. Washegari da safe Malam ya tsaya a ƙofar ɗakina, bai shigo ba.

“Yau ki fasa tulun nan.”

“Wane tulu, Malam?”

“Tulu nawa gare ki a ƙarƙashin gado?”

“Irin Inna ne fa.”

“Na san na Inna ne, ai ni ta haifa. In ruwa ya sauka na sayo wani a kasuwar Kunci.”

“Da me? Kuma wane iri? Malam, hadari ya fara haɗuwa. In muka cinye shi a kwana kaɗan, me za mu zuba a rami?”

Na ga jijiyar nan ta tashi a gefen kansa. Ya dafa bango. Ya ce, “Shekara nawa akushin ubana yana fita fari? Ba a kaina zai fita baƙi ba. Na gama magana.” Ya juya ya tafi, ina jin “hik” ɗinsa har zaure.

Na jawo tulun tsakar ɗaki, na ɗauko muciya don in fasa lakar, na zauna a gabansa. Na daɗe a zaune. Ta ƙofa ina hango yarana suna tsotsar ƙwallon goriba da ya riga ya zama fari don tsotso. Na yi tunanin kaka, in babu abin girbi, ina za mu? Shi ke nan mu ma sai mu ɗaure tabarmi mu bi hanyar Birni, ni da ko kasuwar garinmu ba na son zuwa. Na mayar da tulu inda yake, na ja tsumma na rufe.

Da la'asar na zuba dusa a turmi na yi ta daka da ƙarfi don ya ji daga zaure. Ni ko cikin barci na san bambancin ƙarar gero da ta dusa a turmi, ɗaya tana amsawa, ɗaya tana nutsewa. Amma namiji ina ya sani? Na tuƙa irin namu na cikin gida, dusa da garin rogo, ya fito jaja-jaja mai duhu. Na kaɗa kuka da gishiri, ba daddawa, ba mai. Na mulmula shi da kyau duk da haka, na jera a baƙin akushi, na rufe da faifai mai zane. Da zafinsa, da nauyinsa. Bayan magariba ya shigo ya ɗauka, ya gyara hula, ya fita.

Ni da nake ganin jikin wani, ranar na ji nawa. Na zauna daɓas a gindin danga, bakina ya bushe, zuciyata tana dukan haƙarƙari kamar za ta fito ta riga ni gudu.

Na ji akushi ya sauka a tabarma. Na ji an buɗe ƙananan kwanukan. Sai Malam ya yi bisimilla da ƙarfi, yadda ya saba, na ji faifai ya tashi.

Shiru. Har kukan tsuntsayen da ke kwana a tsamiya na ji.

Sai muryar taubashi: “La'ilaha illallahu! Bawana, ashe kai ma mutum ne?”

Wallahi dariyar da ta biyo baya ban taɓa jin irinta a gindin tsamiyar nan ba. Na san dariyar ƙeta, ba ita ba ce. Irin wadda ake yi ce in an sauke kaya daga ka bayan doguwar tafiya. Wani dattijo maƙwabcinmu yana tari yana cewa, “Alhamdu lillahi. Gobe sai in ce wa ƙanena ya fito, dusarsa ba ta fi wannan baƙi ba.” Wani ya kai loma ya ce, “Kai, wannan ai ta fi tamu, tasu har da gishiri.” Hannuwa suka shiga akushi, hira ta ɓarke kamar an buɗe bakin kwata.

Murya ɗaya ce ban ji ba. Na kasa kunne. “Hik.” Sai kuma wani “hik”. Sai na ji abu mai nauyi ya zube a tabarma, kwano ya gangara.

“Ku riƙe shi! Ruwa! A kawo ruwa!”

Da kyar na jawo mayafi kafin su shigo da shi, mutum huɗu suna ɗauke da shi kamar dami. Rigarsa sharkaf kamar an tsamo shi a rijiya, leɓɓansa sun yi fari, hannunsa ƙanƙara, ƙirjinsa kuwa na ɗora tafina na ji yana bugawa kamar gangar noma. Na ce a raina, shi ke nan, na ceci iri na kashe mai gona. Aka yayyafa masa ruwa, liman yana tofa addu'a. Can ya buɗe ido, ya dube su ɗaya bayan ɗaya, abin da ya fara fita daga bakinsa shi ne, “Me kuka taru kuke kallo? Ɗan jiri ne. Ko a jikina.”

Taubashi ya ce, “To a jikin wa? Tashi ka taka mu gani, bawan banza, ka tsinka mana hanji.”

Na ji muryar taubashin tana rawa, duk da bakin tsiyar.

Da gari ya waye taubashi ya ɗora Malam a bayan keke ya kai shi ɗakin shan magani a Kunci. Labarin ya dawo mini kashi biyu. Na taubashi, wanda ya ba ni ta kan danga, shi ne malamin asibiti ya naɗa wa Malam wani ƙyalle a dantse ya hura, ya duba, ya sake hurawa, sannan ya ce, “Baba, me ke damunka?” Malam ya ce babu komai. Malamin ya ce, “Bakinka ya ce babu, jininka ya ce akwai.” Ya ba shi ƙwayoyi, ya ce ya rage gishiri da kanwa da sa abu a rai. Na Malam kuwa, wanda ya gaya wa yara yana kallon bango don kada ya dube ni, shi ne malamin asibiti ya rantse tun da yake aiki bai taɓa auna jini mai ƙarfin nasa ba.

Kwanaki ya yi a kwance, ba ya fita, ba ya yi mini magana. In na kai masa kunu sai ya juya baya. Wannan bai dame ni ba kamar abin da na ji wata rana da azahar: takunsa a ɗakina, da ƙarar tulu ana jan sa a ƙasa. Na leƙa. Yana tsugune ya dafa tulun da hannu biyu, gumi na ɗiga daga haɓarsa, bai da ƙarfin ɗaga shi. Bai ga na gan shi ba. Na gane nufinsa. So yake ya sake fita da farin tuwo ko sau ɗaya, ya ce wa mutane wancan kuskuren mata ne.

Da yamma taubashi ya zo dubiya, na tare shi a bakin zaure na gaya masa komai cikin raɗa. Inna gwaggonsa ce, ya san gajeren geron nan tun yana tsaron tsuntsu a gonar kakansu. Ya ce, “Matar bawa, bar ni da shi. Na san inda yake masa ƙaiƙayi.”

Ya shiga ɗakin yana ɗaga murya. “Kai, bawana, kana nan kwance kamar tsohon jaki, gari yana ta maganarka!”

Malam ya ce da bango, “Su yi ta yi.”

“Ka san tun ranar da ka buɗe akushin dusar nan tabarma ba ta isa? Duk masu ciwon kan ƙarya sun warke. Jiya sai da aka ƙaro shimfiɗa. Liman da bakinsa ya ce ciyayyar unguwar nan ta mutu, mutum ɗaya ne ya tashe ta. Ya ce ba kowane namiji ne zai iya abin da ka yi ba. Ni ma haushi ya hana ni barci, a ce bawana ne ya riga ni.”

Ba ƙarya ya shirga ba, don ni ma ina jin sababbin muryoyi a gindin tsamiya. Gishiri kawai ya ƙara, shi ma ba mai yawa ba.

Ina tsaye da ludayi a hannu. Sai na ji gadon kara ya yi ƙara, alamar an tashi zaune. Sai ga gyaran murya, mai tsawo, irin na ladan, wanda rabona da ji tun kafin akuyata ta tafi kasuwa.

Washegari da magariba ya sa babbar riga, ya ɗauki akushin dusarsa ya fita, a ƙarshen kowa kamar kullum. Ina gindin danga na ji yana cewa, “Ai na daɗe ina nazarin abin nan. Na ga mutane suna janyewa, na ce a'a, ba a gabana zumunci zai mutu ba. Na kira iyalina na ce, ke, yau dusa za ki tuƙa mini. Har tana cewa, haba Malam, mutuncinka fa? Na ce tuƙa!”

Na cusa bakin zanena a baki don kada dariyata ta tsallaka danga. Taubashi yana ta cewa, “Haka aka yi, bawana, ai ni shaida ne.” Ban taɓa ƙaryata Malam ba har ya koma ga Allah. Ya ɗauki labarin, ni na riƙe tuluna, kowa ya sami abin da yake so. Kuma a daren, a cikin ƙarar taunar mutane, na ji tasa. Dusa ce, amma yana ci.

Ba a daɗe ba ruwa ya sauka, mai yawa, irin wanda ake cewa na shuka. Da asuba ya shigo ɗakina da kansa ya ce, “Ina irin Inna?” Na jawo tulu. Ya fasa lakar da ƙotar fartanya, ya zura hannu ya ɗebo, ya hure tokar. Geron yana nan garau, ko ƙwaro ɗaya bai taɓa shi ba. Ya daɗe yana kallon sa a tafinsa. Ya zuba mini kaɗan a nawa tafin don in gani, yatsunsa suka taɓa ni, na ji su da ɗumi. Bai ce na kyauta ba, ni ma ban jira ba. Abin da ya ce shi ne, “Kin ga amfanin dabarata ko? Da wani ne da tuni ya cinye.”

Na ce, “Gaskiya ne, Malam.”

A shekarar ba kusurwa aka ba geron Inna ba, gonar gaba ɗaya aka ba shi. Abin da ya ragu ya rarraba wa maƙwabtan da suka cinye nasu, tafi-tafi, a gindin tsamiya ba shakka, inda kowa zai gani, yana yi yana ba da tarihin irin tun daga kakansa. Ruwan bai yi wani yawa ba, ya ma ɗauke da wuri, amma gajeren geron nan ya riga ya kai. Tun gonakin dogon gero suna kore muka fara gasa tumu. Ranar da na murza na farko na zuba wa yara a faifai, ƙaramar ta cika baki har tana ƙwarewa, na zauna a bakin murhu na yi kukan da ban yi ba duk shekarun nan.

Hali zanen dutse, Malam bai canza ba. Shaƙuwar takan dawo jefi-jefi. Shekarar da taubashi ya riga shi zuwa Makka sai da na jiƙa masa ƙwayoyinsa a kunu, don ya rantse lafiyarsa ƙalau, alhali rigarsa tana ɗiga. Amma ba ta sake kayar da shi ba, kuma bai sake hana cikin gida don ya ciyar da waje ba, tun da ya gano dusa ma tana jawo yabo. Da shekarun farin suka wuce akushi ya koma fita da farin tuwo, sai dai daga tukunya ɗaya nake kwasa, nasa da namu.

Akushin yana wajen babban ɗanmu yanzu, ya tsage a gefe an ɗaure da waya. Tulun kuwa yana ƙarƙashin gadona. Bana ma na zaɓi zangarku na cuɗa da toka na liƙe, kuma na riga na gaya wa matar ɗana abin da Inna ta gaya mini.